Waiwaye: Libiya bayan Gaddafi da riƙon ƙwaryar da ya ƙi ƙarewa

Rabon da mutanen Libiya su zaɓi majalisar dokokin ƙasarsu tun watan Yunin 2014. Shugaban ƙasa kuwa ba su taɓa zaɓa da ƙuri'arsu ba, ko a zamanin Sarki Idris, ko a zamanin Gaddafi, ko bayansa. Yau gwamnati biyu ce a ƙasar, ɗaya a Turabulus a hannun Abdul Hamid Dabaiba, ɗaya a gabas a ƙarƙashin inuwar Khalifa Haftar. Kowace da mayaƙanta da iyayen gidanta na ƙetare, kuma kowace cewa take yi riƙon ƙwarya take kafin a yi zaɓe. Mu a Damagaram wannan ba labari ba ne da ake ji a rediyo a wuce. Da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Tanut ko Gure ko Mirya ka rasa gidan da ke da ɗa a Sabha ko Misrata, kuma hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta yi shekaru tana ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane baƙi huɗu da ke Libiya ɗan Nijar ne.

Hanyar ta girmi Gaddafi nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma kan taso daga Turabulus, ya bi ta Gadamas da Gat, ya ratsa Abzin da Damargu, ya sauke kaya a Zango kafin ya wuce Kano. Fataken Gadamas suna da gidaje a garin nan. Suna kawo yadi da takarda da takubba da bindigogi, suna komawa da fatu da gashin jimina da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Da ribar wannan fatauci Sarki Tanimun ya ƙara wa Damagaram ƙarfi. Sai a 1911 Italiya ta auka wa Turabulus, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka koma bin teku, ayari ya mutu. Abin da ya sake tayar da hanyar shi ne man fetur da aka samu a Libiya a 1959, da kuma farin da ya cinye mana dabbobi a 1973 da 1984. Wannan karon ƙarfi ake kaiwa: leburanci a wurin gini, gadi, kiwo, ban ruwa a gonakin Fazzan.

Muammar Gaddafi ya kifar da Sarki Idris ranar 1 ga Satumba 1969, ya yi shekara 42 a kan mulki. Har gobe akwai masu ƙaunarsa da yawa a cikinmu, kuma ban ga laifinsu ba. Da kuɗin Libiya aka gina babban masallacin Yamai. Ya zo Agadas ya yi Mauludi a 2007. Shi ya shiga tsakani har ƴan tawayen MNJ na arewacin Nijar suka ajiye makamai a Sabha a 2009. Sama da duka, a zamaninsa dinari ɗaya kan ba ka kusan sefa 400, dala tamanin ke nan a lissafinmu na kasuwa, kuma saurayi kan tafi biɗa ya dawo ya yi rufin kwano, ya sayi shanun huɗa, ya yi aure. Amma shi ne kuma ya riƙa ɗibar samarin Sahel yana tura su yaƙi a Cadi da Lebanon, har Seyni Kountché ya yanke hulɗa da shi a 1981. A watan Satumban 2000 an far wa baƙaƙen fata a Zawiya, aka kashe na kashewa, aka kwaso dubbai aka mayar da su ƙasashensu. A 2010 kuma, a birnin Rum, ya nemi Tarayyar Turai ta riƙa biyansa yuro biliyan 5 duk shekara don ya tare mata baƙin Afirka. Ciniki da kan mutanenmu ba bayan mutuwarsa aka fara shi ba.

Abin da ya fi shafar halin da ake ciki yau shi ne yadda ya tsara mulkinsa a cikin gida. Tun 1972 ya haramta jam'iyyun siyasa da doka. A 1977, a Sabha, ya shelanta cewa mulki ya koma hannun jama'a kai tsaye, daga baya ma ya ce shi ba shi da wani muƙami, jagora ne kawai, alhali ko tsinke ba ya motsi sai da saninsa. Sojan ƙasa ya raunana shi da gangan don tsoron juyin mulki, ya ba ƴaƴansa da amintattunsa rundunoni na musamman. Ƙabilu kuwa ya ɗaga wannan yau, ya danne ta gobe. Wanda ya ɗaga murya sai kurkuku. A gidan yarin Abu Salim an kashe fursunoni kusan 1,200 a 1996, kuma kama lauyan iyalansu a Bengazi, ranar 15 ga Fabrairu 2011, shi ya kunna wutar boren. Rumfa ce babba da aka ɗora a kan dirka guda, ranar da dirkar ta faɗi babu abin da zai tare rufin.

Mu mun san bambancin. Da Kountché ya rasu a 1987 ya bar soja guda ɗaya, da ma'aikatun gwamnati masu aiki, ga ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai da ba su mutu ba. Shi ya sa aka iya zaman babban taron ƙasa a 1991, aka yi zaɓen 1993 da ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya lashe. An yi ta tuntuɓe bayan nan, juyin mulki na bin juyin mulki, amma ko yaushe akwai ƙasar da ake jayayya a kanta. Libiya ba ta gaji ko wannan ba.

Ranar 17 ga Maris 2011 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin kare fararen hula da hana jiragen Gaddafi tashi. Ƙasashe 10 suka amince, har da Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace. Kwana biyu bayan nan jiragen Faransa suka fara ruwan wuta, ƙarshen wata kuma NATO ta karɓi ragama. Tarayyar Afirka ta tura shugabanni, ciki har da Jacob Zuma na Afirka ta Kudu da Amadou Toumani Touré na Mali, da shawarar a tsagaita wuta a zauna a tattauna. Gaddafi ya ce ya yarda, ƴan tawaye a Bengazi suka ce ba za su zauna ba sai ya sauka, domin sun san jiragen NATO na bayansu. Shugaba Mahamadou Issoufou, da bai cika wata biyu da rantsuwa ba, ya halarci taron manyan ƙasashe a Deauville ta Faransa a watan Mayu, ya gargaɗe su kan abin da zai sami Sahel in aka rusa Libiya ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba. Ba su saurare shi ba. Turabulus ta faɗi a Agusta, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, ranar 31 ga wata NATO ta naɗe kayanta ta tafi.

Izinin kare fararen hula ya rikiɗe ya zama kifar da gwamnati, kuma Rasha ta riƙe wannan a ranta, ya fito a duk abin da ta yi daga baya a Siriya da Libiyar kanta. Tun ana cikin yaƙin aka shuka rabuwa, domin Katar na ba nata mutanen makamai ta wata ƙofa, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na ba nata ta wata. A 2016 Barack Obama da kansa ya amsa cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa, kuma a shekarar wani kwamitin majalisar Birtaniya ya ce an shiga yaƙin ne da gurguwar fahimta. Nicolas Sarkozy, wanda ya karɓi Gaddafi a Faris a 2007 sannan ya jagoranci yaƙarsa, kotun Faransa ta yanke masa ɗaurin shekara 5 a Satumban 2025 kan haɗa baki wajen neman kuɗin Libiya don yaƙin neman zaɓensa, ya kuma ɗaukaka ƙara.

Mu abin da muka fara gani motoci ne. Manyan motocin nan na hamada da mutane kan hau su sama da ɗari a kan kaya, suna gangarowa daga Madama zuwa Dirku, daga Dirku zuwa Agadas, sannan a biyo ta Tanut. Waɗanda suka saba dawowa da katifa da bargo da talabijin suka dawo da kayan jikinsu. Da yawa an ƙwace musu kuɗi da waya a shingayen hanya, wasu sun baro albashin watanni a hannun iyayen gidansu. Jita-jitar cewa Gaddafi ya ɗauko sojan haya daga Afirka ta sa kowane baƙar fata ya zama abin farauta, aka riƙa kama mai gadi da birkila ana cewa mayaƙa ne. Ko ƴan ƙasa ba su tsira ba, don mayaƙan Misrata sun kori mutanen garin Tawarga kaf, baƙaƙen fata sama da dubu 30. Hukumomin Nijar sun ƙiyasta waɗanda suka dawo a sama da mutum dubu 200. Sannan damanar 2011 ba ta yi kyau ba. Gidan da ya saba ɗansa ya ba wani ɗan kasuwa dinari a Sabha, a buga waya, tsohuwa ta shiga Kasuwar Dole ta karɓi sefa, ya wayi gari babu aike, ga ƙarin baki, ga rumbu bai kai rabi ba, tiyar hatsi kuma kullum sai hawa take.

Bayan motocin mutane sai na makamai. An bar ma'ajiyun Gaddafi a buɗe, kowa ya ɗebi rabonsa. Nijar ta dage cewa duk mayaƙin da zai shigo sai ya ajiye bindiga, Mali kuwa ta bari suka shiga da nasu. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, a Maris sojoji suka kifar da Touré, arewa ta faɗa hannun masu iƙirarin jihadi, Faransa ta shigo a Janairun 2013. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadas da mahaƙar yuraniyum ta Arlit, Issoufou ya ce daga kudancin Libiya maharan suka fito. Ƙarshen 2014 Faransa ta kafa sansani a Madama don gadin mashigin Salvador.

A Libiyar kanta da farko abin ya yi kamar zai yi kyau. Ranar 7 ga Yuli 2012 sama da kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista suka fito suka zaɓi majalisa mai kujeru 200, cikin murna. Amma an yi zaɓe kafin a karɓe makamai, kuma a ganina wannan ne kuskuren da ya haifi sauran. Gwamnatin riƙo, don ta sayi zaman lafiya, ta sa duk wanda ya ce ya yi juyin juya hali a jerin masu albashi. Waɗanda suka yi yaƙin da gaske ƴan dubun-dubata ne, waɗanda suka yi rajista kuwa sun haura dubu 200. Albashi daga baitulmali yake fitowa, umarni kuma daga bakin madugun unguwa ko na ƙabila. A Satumban 2012 aka kashe jakadan Amurka a Bengazi. A Mayun 2013 mayaƙa suka kewaye ma'aikatu har majalisa ta yi dokar hana duk wanda ya taɓa riƙe babban muƙami a zamanin Gaddafi shiga mulki. Dokar ta kori mafi yawan waɗanda suka san yadda ake tafiyar da ma'aikata, har da shugaban majalisar, Muhammad Magariaf, mutumin da ya yi shekara 30 yana adawa da Gaddafi daga gudun hijira, saboda ya taɓa zama jakada. A Oktoban wannan shekarar ƴan bindiga da ke cin albashin gwamnati suka ɗauke firaminista Ali Zaidan daga otal ɗinsa, suka riƙe shi na wasu sa'o'i.

A wannan ruɗani Haftar ya fito. Yana cikin hafsoshin da suka yi juyin mulkin 1969, Cadawa suka kama shi a Wadi Dum a 1987, Gaddafi ya yi watsi da shi, ya yi kusan shekara 20 a Amurka. A Mayun 2014 ya ƙaddamar da yaƙi a Bengazi da sunan murƙushe ƴan ta'adda, a lokacin da mutanen garin suka gaji da kashe-kashen ɗauki ɗai-ɗai. An yi zaɓen majalisa ranar 25 ga Yuni, ko kashi 20 cikin ɗari na masu ikon zaɓe ba su fito ba, kuma a ranar aka bi lauya Salwa Bugaighis har gida aka kashe ta. Waɗanda suka sha kaye suka ƙi yarda, mayaƙan Misrata da ƙawayensu suka ƙwace Turabulus, filin jirginta ya ƙone, sabuwar majalisa ta gudu Tobruk. Daga ranar ƙasar ta rabu biyu.

Nan ne ƙasashen waje suka yi uwa suka yi makarɓiya, kowa da abin da ya kawo shi. Masar na da iyakar sama da kilomita 1,000 da Libiya, kuma bayan juyin mulkin 2013 ba ta son ganin Ƴan'uwa Musulmi a maƙwabtanta, sai ta tsaya wa Haftar. Daular Larabawa ta bi sahu da kuɗi da jirage marasa matuƙa. Katar da Turkiyya suka tsaya wa Turabulus. Turkiyya na da kwangilolin gine-gine na biliyoyin dalar Amurka tun zamanin Gaddafi, tana kuma neman wanda zai mara mata baya a rikicin iskar gas na Bahar Rum. Italiya damuwarta biyu: kamfaninta ENI da bututun gas da ya tashi daga Mellitah zuwa tsibirin Sisili, da kuma kwale-kwalen baƙi. Faransa a baki tana tare da gwamnatin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita, a aikace kuwa sojojinta uku sun mutu kusa da Bengazi a 2016, a 2019 kuma aka tsinci makamanta masu linzami a sansanin Haftar da ke Garyan. Rasha ta buga wa gabas takardun dinari, daga baya ta turo sojan hayar Wagner. Takunkumin sayar wa Libiya makamai yana nan tun Fabrairun 2011, kuma kusan duk waɗanda ke zama teburin sulhu sun taka shi.

Taruka kam an yi su. A Skhirat ta Maroko aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 17 ga Disamba 2015, aka naɗa Fayez Sarraj shugaban gwamnatin haɗin kai, wanda sai ta jirgin ruwa ya iya shiga Turabulus. An zauna a Faransa a 2017 da 2018, Italiya ta kira nata a Palermo. Ranar 4 ga Afrilu 2019, saura kwana 10 a buɗe babban taron ƙasa a Gadamas, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya yana cikin Turabulus, Haftar ya ba dakarunsa umarnin kama birnin. Cikin watan Donald Trump ya kira shi ta waya ya yaba masa. An yi wata 14 ana ɓarin wuta. A Yuli bam ya faɗa kan wurin tsare baƙi a Tajura ya kashe mutum 53, a Agusta jirgi ya kashe Tubawa sama da 40 a Murzuk. Da Turabulus ta ga za ta faɗi, sai ta sa hannu da Turkiyya ranar 27 ga Nuwamba kan iyakar teku da kuma tsaro. Jiragen Turkiyya da mayaƙan da ta kwaso daga Siriya suka juya yaƙin. A Yunin 2020 Haftar ya ja da baya, aka fara tono manyan kaburbura a Tarhuna, Masar ta ce Sirte da Jufra jan layi ne. A nan layin ya tsaya har yau.

Ranar 19 ga Janairu 2020 aka yi taron Berlin, wanda ya tara shugabannin Rasha da Turkiyya da Faransa da Masar da sauransu. Nijar, mai iyakar kusan kilomita 350 da Libiya, wadda a lokacin take zaune a kwamitin sulhu, ba ta cikin mahalarta, haka ma Cadi da Sudan. Wannan abin yana ci mini rai har yanzu, domin sakamakon a kanmu yake sauka. An sa hannu kan tsagaita wuta ranar 23 ga Oktoba 2020, aka ce mayaƙan waje su fita cikin wata uku, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta su a dubu 20. Ba wanda ya tsara inda za su nufa. A Afrilun 2021 ƴan tawayen FACT na Cadi, da suka yi shekaru a Libiya suna yaƙin haya, suka tsallaka Cadi da motocinsu, shugaban ƙasar, Idriss Déby, ya mutu a fagen daga.

Kudancin Libiya, inda mutanenmu ke fara sauka, shi ne marayan ƙasar. Tubawa da Larabawan Awlad Sulaiman sun gwabza a Sabha a 2012, Tubawa da Abzinawa sun yi sama da shekara guda suna yaƙi a Ubari daga 2014. Inda babu hukuma, mutum kansa ya zama haja. Yaro ya bar ƙauye bayan girbi ba shi da cikon kuɗin mota, direba ya ce ba komai, in an isa ka biya. Da isa Sabha sai a miƙa shi gidan bashi, a rufe ƙofa. Bayan kwana biyu wayar ubansa ta yi ƙara, ya ji muryar ɗansa yana kuka ana dukansa, yana cewa “Baba, ku taimake ni, ku sayar da abin da ke akwai.” A kai akuyoyi kasuwa, a jinginar da gona, uwa ta fitar da kwanonin ɗakinta, a haɗa jikunan da aka yanka a tura. Wani ya fito, wani a sayar da shi ga wani gidan a sake sabon lissafi. Duniya ba ta farga ba sai da tashar CNN ta nuna hoton gwanjon mutane a Nuwamban 2017, Nijar ta kira jakadan Libiya ta nuna fushinta. A ƙauyukanmu an riga an san labarin.

Turai kuwa abin da ta nema shi ne a rufe ƙofa tun daga nan. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙi mai lamba 2015-36, aka fara aiki da ita sosai a 2016, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Ko da yake an ce ba ƴan ƙasa dokar ta nufa ba, kuɗin mota ya tashi, direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka koma ratse, aka riƙa tsintar gawarwaki a Tenere. Italiya ta sa hannu da Turabulus a Fabrairun 2017 don a riƙa tare kwale-kwale ana mayar da mutane wuraren tsarewa.

Mai tambayar me ya hana a yi zaɓe har yanzu, ya duba kuɗin mai. Libiya ce ta fi kowace ƙasar Afirka man da ke ƙarƙashin ƙasa, ganga biliyan 48, tana haƙo sama da ganga miliyan ɗaya a rana. Yawancin rijiyoyin da tashoshin lodi suna yankin Haftar, amma kuɗin a babban banki da ke Turabulus yake sauka, shi kuma ya biya albashin ma'aikata sama da miliyan 2 a ƙasa mai mutum kusan miliyan 7, gabas da yamma, har da mayaƙan da ke harbin juna. In Haftar ya ga rabonsa ya yi kaɗan sai ya rufe rijiyoyi, kamar yadda ya yi wata takwas a 2020, da kuma a Agustan 2024 lokacin rikicin shugabancin bankin, sai a zauna a gyara rabon. Man da gwamnati ke sayarwa kusan kyauta kuma ana fasa-ƙwaurinsa zuwa maƙwabta, har da mu, kuma manyan masu bindiga ke cin ribar. Wanda ke cikin wannan daula zaɓe asara ce a gare shi. Aguila Saleh yana shugabancin majalisar da ke gabas tun 2014. Ɗaya majalisar da ke Turabulus ragowar zaɓen 2012 ce. Dabaiba, wanda wakilai 75 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara suka fito da shi a Fabrairun 2021, cikin zargin sayen ƙuri'a, an ba shi mulki ne don ya kai ƙasar zaɓen 24 ga Disamba 2021, ya kuma yi alkawarin ba zai tsaya ba. Ya tsaya. Haftar ya tsaya, Saiful Islam Gaddafi ya je Sabha ya miƙa takardunsa, mutum 98 suka nemi kujerar. Mutum miliyan 2.8 sun yi rajista, saura kwana biyu aka ce an ɗage. Abdoulaye Bathily na Senegal, da ya riƙe aikin sulhu, ya ajiye shi a Afrilun 2024 yana cewa shugabannin sun fifita son ransu a kan ƙasarsu.

Talakan Libiya ma bai tsira ba. A Satumban 2023 madatsun ruwa biyu da aka yi shekaru ba a gyara ba suka fashe a kan garin Darna cikin dare, aka binne sama da mutum dubu 4, dubbai kuma ba a gan su ba. Asusun sake gina yankin aka damƙa shi ga ɗan Haftar, Bilƙasim, wani ɗan nasa, Saddam, ya zama mataimakinsa a rundunar. A Turabulus kuma kisan wani madugun mayaƙa, Abdul Gani Kikli, a Mayun 2025 ya sake jefa birnin cikin harbe-harbe. Dinarin da ya kai dala tamanin yau ko sefa 100 ba ya kaiwa a hannun ƴan canji.

A gefenmu abubuwa sun sauya tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Sojojin Faransa sun fita a Disamban shekarar, na Amurka sun bar Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai, kuma sansanonin gabashi da kudancin Libiya ne matattarar da Rasha ke bi zuwa Sahel, musamman bayan faɗuwar Bashar Assad a Disamban 2024. An soke dokar 2015-36 a Nuwamban 2023, motoci suka koma fita a fili. Ta can kuwa korar ta ƙaru: a farkon Janairun 2025 an sauke ƴan Nijar sama da 600 a Dirku a tashi ɗaya, cikin sanyin hunturu, bayan an tattaro su daga garuruwan Libiya.

Akwai yarjejeniyar ƙwadago da Nijar ta sa wa hannu da Libiya a Nuwamban 2021, wadda ta yi nufin ma'aikacinmu ya shiga da takarda, a san wurin aikinsa, ya iya aiko da kuɗinsa ta hanyar da doka ta sani. Abin da iyalai a Tanut da Gure ke bukata ke nan, kuma ya kamata hukumominmu su matsa a kai. Sai dai da gwamnatin Turabulus aka ƙulla ta, alhali hanyar da ta tashi daga Tumo ta bi ta Gatrun zuwa Sabha a hannun dakarun Haftar take tun 2019.